Yadda na koma Kanar Sha Biyu a Mile 12

Tunda mai shayinmu ya riga ya baza labarin nan daga kasuwar Mile 12 ta Legas har Agege da ƙarin gishirinsa, gara ku ji daga bakin mai abin.

Kun dai san DAF ɗina, tsohuwar motar sojan Holan ɗin nan YA 4440 da na ciro daga Apapa, wadda saboda ita kuke ce min Kanar. Ƙirar ƙarshen shekarun 1970 ce, tan 4 aka rubuta mata amma ita albasa ba ta iya karatu ba, abin da ya samu shi muke ɗora mata. To wata biyu ke nan kullum batir a kwance, sai an cire an kai caji. Ban je wurin Baba mai rewaya ba saboda maganar kuɗin kik (sitatar tayar da mota) ɗin nan ta bara, waɗanda suka sani sun sani. Na zauna ni kaɗai na yanke hukunci cewa altaneta, mai yi wa batir caji, ita ce ta mutu, kuma tunda za a taɓa, bari a canja har batira a sa manya.

Na shiga Ladipo, kasuwar kayan mota, na samo altaneta tokumbo. Tun a can ya kamata in gane ranar ba tawa ba ce, don na tsaya ina rigima da mai shago wai ni ta bolt 24 nake so ya ba ni wadda aka rubuta 28 a jikinta. Mutumin ya kalle ni ya ce Alhaji ita ke nan, in ba ta fi batir ƙarfi ba ta yaya za ta tura masa wuta. Na ce ai na sani gwada ka nake yi. Batira kuma na ɗauko masu am 200 guda biyu, kowanne ya haura kilo 50, kuɗin ba zan faɗa a nan ba saboda uwargida tana karanta abin da nake rubutawa. Da muka kawo suka ƙi shiga akwatinsu, sai da mai walda a Owode Onirin ya yanke ƙarfen ya ƙara masa tsawo.

Lokacin da zan kwance tsofaffin yarona ya ce Oga a ɗauki hoton yadda wayoyin suke. Na ce masa waya huɗu ce za ta gagare ni? Na taɓa ganin inbatar surukina, batir biyu ne, ja da ja, baƙi da baƙi. Haka na haɗa, na ɗaure tamina tam, har da shafa giris. Altaneta ma ni na ɗaura, na ja fambel, na wanke hannu da fetur ina jin kaina.

Asabar da safe an gama lodin albasa za mu Oyingbo. Kuskurena na biyu shi ne da na tsaya teburin shayi na ce yau za ku ji yadda motar soja take tashi, bugu ɗaya. Ban san me ya kai ni ba. Mutum ya kai ashirin a wurin, masu dako, 'yan tumatir, har da Alhajin da ke bina kuɗin buhu talatin.

Na hau. Kun san tsayin motar nan, in kana sama kowa yana ganinka kamar liman a mumbari. Na gyara hula, na murɗa babban makunnin batir, na sa makulli. Fitilun gaban direba suka kawo wani ja-ja kamar aci-balbal ta kusa ƙare mai, na gani amma na ce hasken rana ne. Na yi bismilla da ƙarfi don a ji. Na murɗa.

Ƙyat.

Shi ke nan abin da ta ce. Ƙyat, kamar an taka ƙwaro. Na saki na sake murɗawa, ƙyat. Na uku ma ko ƙyat ɗin sai da ta yi shawara. Wurin ya yi tsit, ina jin ƙarar cokali a kofin mai shayi yana juyawa a hankali, da gangan yake yi wallahi, na san juyin shayinsa na kullum ba haka yake ba. Na leƙo ta taga na ce sabon batir ne sai ya saba da mota. Wani mai dako ya ce Allah sarki, baƙunta yake yi. Aka fashe.

Bari in tsaya a kan mai shayin nan. Mutumin da ko keke bai taɓa mallaka ba, shekara nawa yana auna mana madara da rabin cokali yana cewa gwangwani ya yi tsada, shi ne ya bar tukunya a wuta ya zagayo gaban mota ya harɗe hannu yana ba da sharhi. Wai tun jiya ya ga ina haɗa waya ya san ba za ta tashi ba. To me ya hana ka magana jiya? Wai bai so ya shiga aikin soja. Kuma canjina na ranar Laraba har yau yana hannunsa, duk sanda na tambaya sai ya ce babu ƙananan kuɗi, amma yana da lokacin kiran mutanen layin doya su zo kallo. Har waya ya ɗaga yana ɗauka, na ce in na ga fuskata a TikTok ni da kai ne.

Aka ce a tura. Ƙarti goma sha suka sa kafaɗa, ga lodi ga taɓon Mile 12, motar ko gezau. Wani direban danfo ya kawo wayar jam don taimako, Allah ya saka masa, amma batirinsa 12 ne, kamar ka ba raƙumi ruwa a murfin kwalba. Ina sama gumi har cikin takalmi, na kasa saukowa don in na sauko sai na haɗa ido da mutane.

Ban san wa ya aika ba, sai ga yaron Baba mai rewaya, ɗan ƙaramin nan mai Hausar Agege, bai fi shekara sha huɗu ba, da mita a aljihu da silifas wari da wari. Ya durƙusa ya gaishe ni, wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo. Ya ɗora mita ya ce sha biyu da ɗigo shida. Ya kalli wayoyin ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce, “Alhaji, waye ya haɗa muku wannan?”

Na ce wani rewaya ne a Ojota.

Yarona ya kama tari. Tarin da babu shi tun safe. Mai shayi ya ce, “Rewayan Ojota mai hula zanna ko?” ya nuna kaina.

Yaron bai yi dariya ba, shi ya sa na kasa jin haushinsa. Ya ce ja da ja, baƙi da baƙi, wannan 12 ɗin nan dai za ta zauna sai dai ta daɗe ba ta ƙare ba, ita kuwa motar soja 24 take ci. Ya karɓi sifana, ya fara cire baƙar waya, ya ɗauki gajeriyar nan da na jefar a ƙarƙashin kujera don na ɗauka rara ce, ya haɗa jan wannan batir da baƙin wancan. Mita ta nuna 25. Ko minti biyar bai yi ba. Ya ce a buga. Na buga ta tashi da wani ruri har hayaƙi ya rufe teburin shayi, wannan kaɗai ne daɗin da na ji a ranar. Mai shayi yana tari yana cewa ai ba laifin Kanar ba ne, a Mile 12 muke dole mota ta koma 12. Daga nan sunan ya kama.

Na ɗauka an gama. Yaron ya ce a ba ta wuta, na taka, mita tana nan a 25 ta ƙi hawa, ya ce ya kamata ta kai wajen 28, sabuwar ma ba ta caji. Zuciyata ta ce Ladipo sun ci ni. Ya hau ya kashe mota ya sake buɗe makulli, ya nuna min 'yar fitilar nan mai hoton batir ya ce me ya sa ba ta kamawa. Na ce ta daɗe da mutuwa, ai ado ce. Ya ce ba ado ba ce, ta cikin ƙwan nan wuta take bi ta tayar da altaneta kafin ta fara caji da kanta. Ya zaro ƙwan, na bolt 12 ne ya ƙone baƙi ƙirin, ni na sa shi da hannuna wata biyu da suka wuce, a shagon kayan okada na saya. Ya ruga ya kawo na 24, aka tayar, mita ta hau 28 ta zauna.

Kafin ya tafi ya ga wayar rediyo da cajar waya da na jona a batir ɗaya, ya ce wannan ce take cinye ɗaya ta bar ɗaya yana tafasa, in sayi kwanbata mai sauke 24 zuwa 12. Na ce dama ina da niyya.

Tsohuwar altaneta kuma Baba ya gwada ta washegari, lafiyarta ƙalau, ya aiko min da ita ba tare da ya ce komai ba, sai dai ya ce a tuna min kuɗin kik. Tana nan a shago ina tare ƙofa da ita. In akwai mai so ya yi magana, ta 24 ce, 28 aka rubuta a jiki amma ita ke nan. Albasar dai ta isa Oyingbo bayan azahar. Canjina na Laraba har yanzu shiru.