Idan Aka Kori Shugaban Ƙungiya, Wa Ake Yi Wa Gargaɗi?

A watan Yunin 2022 hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Kaduna ta sanar da korar malaman firamare 2,357. Mutum 165 ne kacal a cikinsu aka ce sun zauna jarrabawar gwaji sun kasa. Ragowar 2,192 laifinsu shi ne ƙin shiga ɗakin jarrabawar. A cikinsu har da Audu Amba, shugaban ƙungiyar malamai ta NUT na ƙasa baki ɗaya, wanda malami ne a jihar. Ƙungiya ce ta umurci 'ya'yanta su ƙaurace wa jarrabawar, shugabanta ya tsaya kan abin da aka yanke, sai aka haɗa shi da sauran aka sallama.

Kafin in ci gaba, bari in ba gwamnati haƙƙinta. A 2017 an yi wa malamai kusan 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75 cikin ɗari. Duk wanda ya ga wasu daga cikin takardun amsar da aka watsa a lokacin, jikinsa ya yi sanyi. Ɗan talaka da ke zaune a ƙasa yana jiran a koya masa baƙi da wasali yana da haƙƙi a kanmu, kuma ba zan kare malamin da bai iya karanta abin da zai koyar ba. Ita ma ƙungiya tana da nata laifin a duk lokacin da ta rufe ido ta kare kowa da kowa, da mai aiki da wanda ɗan siyasa ya cusa.

Amma abin da ya faru a 2022 wani abu ne daban. Ba a ce Audu Amba bai iya koyarwa ba, don ba a gwada shi ba. Taƙaddama ce tsakanin mai ɗaukar aiki da ƙungiyar ma'aikata a kan wa ke da hurumin tantance malami. NUT ta ce aikin hukumar rajistar malamai ta TRCN ne, jiha ta ce wanda ke biyan albashi yana da ikon sanin me yake saya da kuɗinsa. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, kuma irin wannan sa-in-sa ita ta sa aka kafa kotun ma'aikata. Maimakon a jira ta, sai ɓangare ɗaya ya cire shugaban ɗaya ɓangaren daga aiki. A shari'ar ƙauye ma, ba a yarda mai ƙara ya zama shi ne alƙali, shi ne kuma dogari.

Wannan ne ya sa korar jagoran ƙungiya a aikin gwamnati ta fi ta kamfani muni. Mai kamfani idan ya zalunce ka, kana da gwamnati da za ka kai wa kuka. To idan gwamnatin ce uban gidanka fa? Baitulmali nata ne, 'yan sanda suna jin maganarta, rediyon jiha ita yake yi wa aiki, majalisar da ke yin doka galibi 'yan jam'iyyarta ne. Abu ɗaya da ma'aikaci yake da shi a gaban wannan ƙarfi shi ne haɗa kai da 'yan'uwansa, su zaɓi wanda zai yi magana da yawunsu.

Kaduna ta riga ta nuna yadda take kallon wannan haɗin kai tun a watan Mayun 2021, lokacin da ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta shiga yajin aikin gargaɗi na kwana biyar kan sallamar dubban ma'aikata. Gwamnan jihar na lokacin, Nasir El-Rufa'i, ya bayyana cewa ana neman shugaban NLC na lokacin, Ayuba Wabba, ruwa a jallo bisa zargin yi wa tattalin arziki zagon ƙasa, ya kuma ba da umurnin a kori ma'aikatan jinya da ke ƙasa da matakin albashi na 14 waɗanda suka shiga yajin. Sai da gwamnatin tarayya ta shiga tsakani aka dakatar da yajin a rana ta uku. Na san an sha wuya a waɗancan kwanaki: an ɗauke wuta, asibitoci sun tsaya, masu jinya sun rasa inda za su sa kansu. Wannan nauyi ne da ƙungiya ba za ta iya sauke shi daga kanta ba. Amma doka ta tanadi matakai. Akwai ba aiki ba albashi, akwai sulhu a ma'aikatar ƙwadago, akwai umurnin kotu na a koma bakin aiki. Kora ita ce matakin ƙarshe, kuma mutum ɗaiɗai ake yi wa ita, bayan an faɗa masa laifinsa an saurari bakinsa.

Manyan shugabanni irin su Wabba da Amba ba su ne suka fi ba ni tausayi ba. Suna da lauyoyi, jaridu na ɗaukar maganarsu. Saƙon korar ba a kansu yake sauka ba. Na taɓa halartar taron zaɓen wakilin ƙungiya a wata makarantar firamare ta karkara. Malamai goma sha wani abu ne a kan bencin ɗalibai ƙarƙashin darbejiya. Da aka zo kan wa zai riƙe muƙamin, kowa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Aka ambaci sunan wani dattijo mai gaskiya da kowa ya yarda da shi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi mini rai, 'yan'uwa. Shekara huɗu ta rage mini in yi ritaya, ga 'yan mata biyu a gabana." Babu wanda ya ga laifinsa. A ƙarshe muƙamin ya faɗa hannun wanda kowa ya san ba zai taɓa buɗe baki ba. Haka ake kashe ƙungiya ba tare da an soke rajistarta ba. Ana ci gaba da cire kuɗin wata-wata daga albashi, ofis yana nan da allonsa, amma ranar da aka riƙe albashi wata uku, ko rufin aji ya yaye da damina, babu mai zuwa sakatariya ya tambaya.

Kuma wannan 'yanci ba alfarma ba ce da gwamna zai bayar ko ya hana. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci ƙungiyar ƙwadago da sunanta a cikin abubuwan da kowane ɗan ƙasa yake da damar kafawa ko shiga. Tun a 1960 Najeriya ta amince da yarjejeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 87 da mai lamba 98. Ta farkon ta hana hukuma rusa ƙungiyar ma'aikata da alƙalamin ofis, ta biyun ta hana a kori mutum ko a cutar da shi saboda aikin ƙungiya. Ba a faɗa a cikinsu cewa shugaban ƙungiya ya fi ƙarfin doka ba. Idan ya ci kuɗin jama'a ko ya yi jabun takarda, a hukunta shi kamar kowa. Abin da aka hana shi ne a mayar da wakilcin da yake yi ya zama shi ne laifin.

Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ga irin wannan, har ta fi tamu tsanani. A watan Agustan 2025 mahukuntan soja a Yamai suka rusa ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a, ciki har da ta alƙalai mai suna SAMAN, bayan 'yan kwanaki kuma aka kori babban sakatarenta da mataimakinsa daga aikin alƙalanci. Idan alƙali ya rasa aikinsa don ya yi magana a madadin ƙungiyarsa, malamin makaranta a Maraɗi ko Damagaram da za a zalunta gobe, gaban wa zai kai ƙara?

Mu 'yan Arewa bai kamata mu ɗauki wannan a matsayin rigimar wasu ba. Malam Aminu Kano da muke alfahari da shi, kafin jam'iyyar NEPU aikin ƙungiya ya fara yi, don yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Attahiru Jega ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a shekarun da gwamnatin Babangida ta haramta ta, daga baya kuma ƙasar nan ta damƙa masa amanar zaɓenta. Mutanen da hukuma ke kira masu taurin kai yau, sau da yawa su ne ake nema gobe idan ana buƙatar wanda ba a iya saye.

Za a ce ai kotu tana nan, wanda aka kora ya je can. Gaskiya ne, kuma gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ƙara wa kotun ma'aikata ƙarfi. Sai dai kotu tana zuwa ne bayan an riga an yanke albashi, yara sun dawo gida don kuɗin makaranta, mai gidan haya ya gaji da jira. Shi ya sa nake ganin ya kamata Majalisar Tarayya ta juya tsarin: duk hukumar da ke son korar zaɓaɓɓen jami'in ƙungiya, ita za ta fara zuwa kotun ma'aikata ta kawo hujja, albashinsa kuma ya ci gaba har a yanke hukunci cikin ƙayyadadden lokaci. Ba sabon abu ba ne. A Faransa kamfani ba ya korar wakilin ma'aikata sai da izinin sufeton ƙwadago.

Mun ga abin da rashin wannan kariya yake jawowa. A 2001 Jami'ar Ilorin ta kori malamai 49 saboda sun shiga yajin aikin ASUU, cikinsu har da shugabannin reshen ƙungiyar. Suka bi shari'a daga wannan kotu zuwa waccan, har Kotun Ƙoli ta ce korar ba ta bisa ƙa'ida, ta umurci a mayar da su a biya su haƙƙoƙinsu. Wannan hukunci a 2009 ya fito. Yaron da aka sa a aji ɗaya na firamare a shekarar da aka kore su, ya kai aji uku na ƙaramar sakandare kafin a ce su ne masu gaskiya, wasu daga cikinsu kuwa sun riga mu gidan gaskiya ba su ji hukuncin ba.