Mai Riga Fim Ba da Labari

Babu abin da yake ɓata mini rai a majalisarmu ta masoya tsofaffin finafinan Indiya kamar mutumin da yake riga fim faɗin abin da zai faru. A daren Asabar da ta wuce mun taru domin mu nuna wa wani matashi fim ɗin Sholay, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarninsa, ya fito a 1975. Ko shayi ba a gama zubawa ba, sai wani dattijo ya nuna Amitabh Bachchan da yatsa, ya ce, "Allah sarki, wannan ai mutuwa zai yi a ƙarshe."

Daraktan ya ɓoye sirrin Thakur, tsohon ɗan sandan da Sanjeev Kumar ya fito a matsayinsa, a ƙarƙashin mayafi har tsakiyar fim, domin sai mayafin ya faɗi mai kallo zai gane cewa ɗan fashi Gabbar Singh ya sare masa hannuwa, amma dattijon nan ya tona asirin tun fitowar Sanjeev Kumar ta farko. Da na ce, "Baba, a bar yaro ya gani da idonsa," sai ya amsa cewa shi a silima ya kalla tun ba a haife ni ba. Yaron kuwa ya koma danna wayarsa.