Ƙofar da aka buɗe a babi na 23

Ni ba ma'abocin labarin fatalwa ba ne. Ƙanwata ce ta turo mini wani littafi a Wattpad, manhajar karanta labarai, ta ce, "Yaya, in ka isa, karanta wannan da daddare." Wannan "in ka isa" ɗin ce ta ja mini.

Littafin Turanci ne. Wasu samari biyu sun tare a wani tsohon gida a bakin teku, inda aka tsinci gawar tsohuwar mai gidan a ɗaki kulle ta ciki, makullin kuma yana aljihunta. Kullum ƙarfe uku na dare sai a ji ana ƙwanƙwasawa daga cikin bango. Ɗayansu dogo ne mai taurin kai, ɗayan mai tabarau, matsoraci irina.

Har babi na takwas ina ta yaba amincinsu. Ina cewa ka ga abota ta tsakani da Allah, bargo ma ɗaya suke rufa da shi. Sai a babi na tara na gane masoya ne, kuma ashe an rubuta tun a bayanin farko, ni ne ban duba ba. Na yi salati na kife wayar, na ce ni da littafin nan har abada. Na sha ruwa, na kwanta ina kallon silin. To amma wa ya kashe tsohuwar? Ko minti goma ban cika ba na lallaɓo wayar kamar mai satar nama a tukunya.

Marubuciyar ta iya tsoratarwa, wannan ba musu. Amma akwai surutu: shafi uku tana siffanta labule, ga wani ɗan sanda da ba ya tsinana komai sai shan shayi. Duk da haka, da mai tabarau ya gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa a babi na 17, sai na ji bakina yana cewa, "Kai dogo, bi shi mana! Haka za ka bar shi shi kaɗai?"

Nan aka ɗauke wuta, nan kuma fitsari ya matse ni. Banɗakinmu yana can ƙarshen tsakar gida. Na duba agogo: uku saura biyar. Na ɗauki buta na fito a sanɗa, sai ga wani farin abu dogo, ba kai ba ƙafa, yana kaɗa mini hannu. Na wurga masa butar. Ta wuce shi ta sauka kan kwanukan wanke-wanke.

"Wane ne nan?" in ji Umma, ta dallo tocila.

"Ni ne, Umma. Motsin ɓarawo na ji."

"Ɓarawon ne ya sa ka tsallake rabin Ayatul Kursiyyu? Hijabina ne a kan igiya. Wuce ka ba ni wuri."

Na koma ɗaki ban haƙura ba. Babi na 23, dogo ya kama mariƙin ƙofar da ke cikin bangon, ya murɗa, ƙofa ta buɗe. Na ja allo sama. Babu komai, sai wani ɗan saƙo wai ci gaba zai zo mako mai zuwa. Kwanan watan 2021 ne.

Gara marubutanmu na WhatsApp, in sun katse maka labari ka san kuɗi suke so, ka biya a wuce wurin. Marubucin Ingila Charles Dickens ma da ya bar littafinsa The Mystery of Edwin Drood a rabi a 1870, mutuwa ya yi, uzurinsa karɓaɓɓe ne. Wannan baiwar Allah kuwa ko lambar asusu ba ta bari ba.

Da safe na tare ƙanwata da jajayen idanu. Ta ci gaba da shan kokonta, ta ce, "Ai na sani, Yaya. Ni ma haka wata ta yi mini. Wa kake zargi, ɗan sandan?"

Ɗan sandan nake zargi. Shayin nan nasa ya yi yawa.