Kwanon roba da fensir biyu

Tun ranar Lahadi nake danne zuciyata, amma yau kam sai na amayar, wanda zai yi fushi ya yi. Duk wanda ya tsaya bayan sujada a majami'a ya ga abin da ya faru a ƙofar ajin yara, ba sai na maimaita ba, ba kuma zan kama suna ba. Uwa ce guda, da goggoronta da jakarta, ta riƙe ƙugu tana zazzaga wa malamar Makarantar Lahadi masifa don an hana ɗanta kyautar gasar hadda. Kyautar me? Kwanon roba da fensir biyu. Yaron kuwa kama shi aka yi ya rubuta ayar da biro a tafin hannu. Wace aya? Luka 16:10, wadda take maganar mai aminci a ƙaramin abu. Kai jama'a!

Yaron bai ba ni haushi ba ko kaɗan. Shekararsa takwas, tsoro ya ji, ya yi abin da ya ga ana yi. Abin da ya tsaya mini a maƙoshi shi ne maganar uwar: "Ai wayo ne, malama, duk yaran zamani haka suke." A gabansa ta faɗa. Yana kallon bakinta. Duk abin da muka yi wata uku muna koya masa, ta rushe shi kafin ta gama gyara goggoro.

Mu yi lissafi. Mako guda awa 168 ne. Mu malaman Makarantar Lahadi awa ɗaya da rabi muke samu, a ciki ma sai an raba faɗa, an kai wannan bayan gida, an share wa wancan majina. Sauran awoyin suna hannun wa? Amma da yaro ya lalace sai ka ji ana cewa ikilisiya ba ta koyar da yara yanzu, Baba Fasto ya yi sanyi, Birget, ƙungiyar yaran ikilisiya masu fareti, ba kamar ta da ba. To, Baba Fasto ne yake ce wa yaro "jeka ka ce ba na nan" in mai bin bashi ya ƙwanƙwasa ƙofa? Malamar Lahadi ce take cewa a kashe rediyo a yi tsit don 'yan NEPA sun shigo layi? A gida ake wannan darasin, kullum, kyauta, kuma yaro ba ya faɗuwa jarrabawarsa.

Maimaitawar Shari'a 6:7 ba ta ce a koya wa yara ranar Lahadi daga ƙarfe takwas zuwa tara da rabi ba. Cewa ta yi lokacin da kuke zaune a gida, da lokacin da kuke tafiya a hanya, da kwanciya, da tashi. Hanya ta haɗa da cikin adaidaita sahu, inda direban ya manta ya ba ki canji ya yi yawa, kika dunƙule kika ce Allah ya kawo rabo. Zaman gida ya haɗa da yadda kike kiran yarinyar da take miki aiki, da ko ita ma tana samun nama a miyarta. Ya haɗa da almajirin da ya tsaya a ƙofa, ko abincin da kuke ci za a ɗiba masa, ko tuwon shekaranjiya da ya fara yami. Yaro ne yake kai kwanon. Hancinsa yana aiki.

Kakata a ƙauye ta tashi, can wajen Rano, cikin Maguzawa. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke a 1932, bayan wahalar su Likita Miller na Wusasa da waɗanda suka taya shi, amma ita har ta koma ga Ubangiji ba ta iya haɗa baƙi ba. Addu'ar Ubangiji da Yohanna 3:16 da 'yan waƙoƙi, iyakar haddarta ke nan. Da za a sa ta a gasarmu ta ranar Lahadi, ita ce ta ƙarshe. Amma dawa take aunawa ranar kasuwa, ina tsugunne kusa da ita ina riƙe bakin buhu. Na ga masu awo da suke bubbuga gindin mudu ya lotsa ciki don ya rage ɗauka. Nata mudun sumul yake. Ta cika shi har ya yi tozo, ta ƙara ɗan gyara da hannu. Na taɓa tambayarta, "Kaka, me ya sa ba kya yi irin nasu?" Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Yesu yana tsaye a nan, ke ba kya ganinsa?" Sai da na girma na tarar da Karin Magana 11:1 tana cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus. Ashe ni na riga na karanta ayar a bakin buhu.

Na san abin da za a rubuto mini. Za a ce rayuwa ta yi tsada. Ta yi, ni ma a kasuwar Sabon Gari nake cefane, amma tsadar shinkafa ba ita ta rubuta aya a tafin hannun yaro ba. Za a ce yara ne, za su daina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ku kuma kuna tanƙwarawa, sai dai ta karkatacciyar hanya. Masu ilimin tauhidi kuma za su taso da Afisawa 2:8, cewa ceto ta wurin alheri ne. Amin. Ku daure ku gangara zuwa aya ta 10, ba nisa, inda aka ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka.

Akwai kuma masu cewa, ke naki yaran waliyyai ne? Ba waliyyai ba ne, uwarsu ma haka. Watan jiya Mama Fasto ta kira ni kan taron Zumuntar Mata, na ce mata, "Mama, ga ni a hanya, na kusa." Ina tsaye a kicin da ɗaurin ƙirji, ludayi a hannu. 'Yata ta fari ta ɗago kai daga wanke-wanke ta ce, "Mama, kicin ne hanyar?" Na so in daka mata tsawa, Allah ya taimake ni ban yi ba. Na sake kiran Mama Fasto a gabanta na ce, "Ki gafarce ni, Mama, ban ma yi wanka ba." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma tun daga ranar, yarinyar nan in ta fasa kofi da kanta take kawo mini gutsattsarin.

Mu da muke zaune a Kano muna da ƙarin dalili. Malam mai kanti na bakin layinmu ba zai taɓa shiga majami'a ya ji wa'azi ba. Abin da ya sani game da Kirista shi ne yaron da ake aikowa sayen Maggi da omo: ko yana gaisuwa, ko yana dawo da canjin da ya wuce, ko da azumi yana tsayawa gaban abokansa yana tsotsar ƙanƙara don tsokana. Suna aiko mana da kunu da ƙosai da shan ruwa, muna aika musu da shinkafar Kirsimeti, yaran nan ne 'yan aiken. Sai mu sa musu farar riga su yi fareti, mu ɗauki hoto mu sa a Facebook, mu rubuta "sojan Yesu". Sojan da aka ba shi ɗari biyu na baiko ya jefa ɗari ya sayi alawa da ɗari, uba ya sani ya yi dariya ya ce ɗan kasuwa ne.

Malamar da aka ci wa mutunci kuwa, ko sisi ba a biyanta. Da kuɗinta ta sayi kwanon robar. Har yau ban ji wani dattijon ikilisiya ya je ya ce mata sannu ba, wannan ma zan tayar da shi a taron kwamiti.

Af, tunda maganar amana ake: wadda ta ari Littafin Waƙoƙina ranar bikin Zumuntar Mata, mai jan bango da aka liƙe bayansa da salatif, sunana yana shafin farko da manyan baƙaƙe. Na mahaifiyata ne. A ba wa mai gadi ya ajiye mini, ba zan tambayi ko wace ce ba.