Yadda Na Zama Malam Gabas a Taj Mahal

Waɗanda suka ga bidiyon nan na abin kunyar da na sha a Taj Mahal, wanda ke yawo a guruf ɗinmu na WhatsApp, ku tsaya ku ji ta bakina, don wanda ya ɗauka da gangan ya yanke farkon.

Kun dai san na raka Kawu Delhi aikin gwiwa. An yi lafiya, likita ya ce a dakata kafin a hau jirgi, zaman masauki ya ishe mu, sai tafintan gidan ya haɗa mana mota zuwa Agra, garin da Taj Mahal yake, hubbaren nan na farin dutse a Indiya. Mu shida: ni, Hajiyar Maraɗi da 'yarta, wasu 'yan Sudan biyu, sai Bazazzagin nan, kun san shi. Kawu na kwance. Ranar Talata muka je, don ran Juma'a ba a buɗe wa baƙi. Muna idar da asuba muka kama hanya, awa uku da 'yan kai muka isa.

Na sha farar shadda, babbar riga har da hula zanna. A ƙofa aka caje mu rupi 1,100 kowannenmu, da ƙarin 200 na shiga cikin hubbaren, ɗan ƙasa kuwa 50 yake biya. Masu gadi su uku suka sansana goron Hajiya, suka riƙe shi. Ɗan jagoranmu wani siririn mutum ne mai gashin baki, Turanci yake zubawa ba birki, ni kuma ba wanda ya naɗa ni na naɗa kaina tafinta.

Da farko fa abin ya yi kyau, kuma wannan ne ba a sa a bidiyon ba. A babbar ƙofar shiga akwai rubutun Larabci da ya zagaye ta. Na ɗaga kai na ga ƙarshen Suratul Fajri ce, na karanta da ƙira'a. Ɗan jagora ya dafa ƙirji, 'yan Sudan suka ce ma sha Allah, wasu Indiyawa suka fara neman hoto da ni, wai ko sarki ne daga Afirka. Ban ce eh ba, ban kuma ce a'a ba. Daga nan kaina ya fara kumbura.

Ya ba mu tarihi ina fassarawa: Sarki Shah Jahan ne ya gina wa matarsa Mumtaz Mahal, wadda ta rasu a 1631 wajen haihuwarta ta 14. An fara ginin a 1632, an shafe shekara ashirin da wani abu, ma'aikata wajen dubu 20, farin dutsen kuma daga wani gari mai suna Makrana aka yi ta jawo shi. Hajiya ta taɓe baki ta ce, "Haihuwa goma sha huɗu? Da hutu ya ba baiwar Allah tun tana da rai, da ya fi mata wannan dutsen." Wannan ban mayar wa ɗan jagora ba.

To, ga inda aka yi ta. Idan ka tsaya kana kallon farin ginin, akwai jajayen gine-gine biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, kamar an tsaga kara. Ɗan jagora ya nuna na hagu ya ce masallaci ne. Na dama kuwa sunansa jawab, wato amsa, an gina shi ne kawai don kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Na dubi sama. Hantsi ne, rana tana ta hannun dama. Na yi ɗan murmushi irin na wanda ya kama ɓarawo.

"Hajiya, mutumin nan bai san aikinsa ba," na ce. "Haddace abin ya yi kamar aku."

Na juya na ce masa da Turanci, da ƙarfi yadda na nesa zai ji, ya yi kuskure, na dama ne masallacin. Ya kaɗa kai irin kaɗawar nan tasu da ba ka sanin eh ce ko a'a, ya ce shekararsa goma sha biyar yana wannan aiki. Na ce ni shekarata arba'in da biyu ina salla. Na nuna masa rana da yatsa. Har Indiyancin fim na saka masa, na ce "nehi, nehi". Bazazzagi ya matso ya ce, "Gaskiyarka, Malam, kada ka yarda. Je ka nuna musu." Da na lura da yadda ya gyara riƙon waya, da na san ba don Allah yake zuga ni ba.

Na ce kowa ya biyo ni. Na ja Hajiya da ciwon ƙafarta muka tsallaka filin nan kaf, masu neman hoto da sarki suna bin mu a baya, ina tafe ina gyara hannun riga. A bakin ginin na cire takalmi da ladabi, na shiga da ƙafar dama har da addu'ar shiga masallaci. Na nufi tsakiyar bango neman mihirabi. Babu. Na matsa dama, babu. Na dawo hagu, na shafa bango kamar mai neman makunnin fitila. Wurin ya yi tsit, sai kukan tantabaru.

Wani tsoho mai jan gemu na lalle yana zaune a gefe. Ya taso ya ce, "Najeriya?" Na ce eh. Ya buɗe tafin hannunsa, ya dangwala yatsa a tsakiya ya ce Makka. Ya dangwala gefe ɗaya ya ce Najeriya, ya dangwala ɗaya gefen ya ce Hindustan. Sannan ya kama kafaɗuna biyu, ni da babbar rigata da hulata, ya juya ni a hankali kamar ragon da ake dubawa a kara, har na fuskanci yamma. Ya ɗan bubbuga bayana.

Jama'a, a nan ƙwaƙwalwata ta dawo daga kiwo. Mu Makka tana gabas da mu, har kalmar ta zame mana ɗaya da alƙibla, mu ce wane ko gabas ba ya kallo. Su kuwa sun wuce ta, yamma suke kallo. Abin da ɗan firamare zai gane da taswira. Gumi ya karyo min har cikin hula. Ɗan jagora bai ce uffan ba, kaɗa kan nan kawai ya sake yi, wannan karon na gane ma'anarsa sarai. Hajiya ta ce, "Ɗan nan, Allah ya shirye ka, ƙafata." A cikin wannan shirun Bazazzagi ya ɗaga murya:

"To Malam, kwana goma sha ɗaya kana mana limanci a masauki, ina muke kallo?"

Gabana ya faɗi. Sai da na yi lissafi na tuna kibiyar waya nake bi, har ina mita wai ɗakin ne a karkace. Sallarmu lafiya lau, albarkacin waya. Amma dariya ta riga ta ɓarke, har 'yan Sudan da ba sa jin Hausa.

Shi wannan mutumin bari in faɗa muku. Yayansa ya rako aikin ido, amma tun da muka haɗu bai taɓa sayen ko ruwan shayi ba. Dambun naman da aka yi wa Kawu guzuri, shi ya ga bayansa, wai yana taya mara lafiya kiyaye dokar likita. Rupi 500 ya ara a hannuna ran da muka sauka. Wayar da ya ɗauke ni da ita ma, da cajata ya cika ta a mota. Ina masa magana sai ya ce ai tsakanin Bakano da Bazazzagi ba bashi, haraji ne bawa yake biyan ubangidansa. Mutumin da a mota ya tambayi direba ko Agra ce babban birnin Dubai.

Cikin hubbaren ban fahimci komai ba, turereniya ce da usur ɗin masu gadi, ba a ɗaukar hoto. Na dai ji an ce kaburburan da muke gani na ado ne, na gaskiyan suna ƙasa. Ina tsaye sai na ji raɗa a kunnena: "Malam Gabas, duba mana ko sun kwantar da su daidai." A masallacin na gaske kuwa, ga mihirabi ƙato, ga zanen dardumar salla a daɓe layi-layi, duk suna kallon yamma. Daga bakin ƙofa na leƙa.

Da muka je gidan sarautar Agra, inda Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan daga 1658 har ya rasu a 1666, aka nuna mana hasumiyar da yake hango Taj Mahal ta gefen kogin Yamuna. Hajiya ta ce in fassara, na ce maƙogwarona na ciwo. 'Yarta ce ta karɓi aikin, ashe ta fi ni Turancin ma.

Kawu da ya ga bidiyon ya yi dariya har nas ta leƙo. Cajar dai har yau tana Zariya, wanda zai bi ta Tudun Wada ya yi min magana.