Mai gudun fanfalaki a teburin mutum huɗu

Ban ambaci sunan kowa ba. Amma tun daren Asabar wani bawan Allah yake yawo daga Rikkos har Farin Gada yana ba da labari wai an haɗe masa kai a teburin wasan kati na Magic: The Gathering, wai mu ukun mun yi ƙus-ƙus kafin ya iso. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, to ni ma yau na shigo kasuwar.

Malam, ba wanda ya haɗe maka kai. Lissafi ne ya kayar da kai. Wasan mutum biyu da ka saba, abokin karawarka rai 20 gare shi, ka watsa masa katin hari irin Lightning Bolt da 'yan ƙananan mayaƙa ka gama da shi kafin shayinsa ya huce. Commander, salon wasan da muka buga mu huɗu, ba haka yake ba. Kati 100 ne, ba a maimaita ko ɗaya in ban da katunan ƙasa na asali (ƙasa ce ke ba da mana, wato kuɗin buga kati), kowa kuma da rai 40 yake farawa. Mutum uku a gabanka, rai 120 ke nan. Kai kuma ka zo da kunshin da aka ɗaura don kashe mutum ɗaya, ka ɗora duk ƙarfinka a kaina saboda wata tsohuwar jiƙaƙƙiya, sauran biyun suna cin gyaɗa suna ta jera ƙasa abinsu.

Kwaikwayon ma bai ba ni haushi ba. Na yi wata da watanni ina buga Krenko, Mob Boss, jagoran kunshina mai haifo ƙananan mayaƙa da ake kira goblin, kwatsam sai ga mutumin nan da Krenko, sabo fil a leda mai ƙyalli, wai ɗan'uwansa ne ya aiko masa daga Ingila. Madalla. Sai dai ɗan'uwan bai haɗo da hankalin bugawa a cikin kwalin ba. Katin ƙasa 28 a kunshin kati ɗari! Ni da nake da 35 har da Sol Ring mai ƙara mana ma wani lokaci sai na yi ta addu'a kafin in ja kati.

Ga abin da ya faru, don waɗanda aka ba rabin labari. Zagaye na shida, mutumin ya zube duk abin da ke hannunsa, goblin takwas reras a gabansa, har ya miƙe tsaye ya cire rigar sanyi, a sanyin Jos fa. Yaron da ke gefen taga, wanda bai ce uffan ba tun da aka fara, ya ajiye Blasphemous Act, katin da ke share halittun fage. Katin nan mana tara yake ci, amma kowace halitta da ke fage tana rage masa ɗaya. Wato goblin ɗinka takwas su suka biya kuɗin jana'izarsu, yaron mana ɗaya tak ya kashe. Fage ya zama wayam, hannunka wayam. Krenko ya koma mazauninsa, dawo da shi kuma yanzu mana shida ne maimakon huɗu, kai kuwa ƙasa huɗu gare ka. Sai ka koma danna waya kana tsaki.

Nawa goblin ɗin ma sun mutu a wannan sharar, ban musa ba. Bambancin shi ne ina riƙe da kati biyar, don tun farko na ɗaura wa 'yan ƙananan Skullclamp: mana ɗaya, goblin ya mutu, in ja kati biyu. Kuma ba sai na kai hari nake cin rai ba. Impact Tremors na gefe, duk halittar da ta shigo fagena sai kowane abokin hamayya ya rasa rai ɗaya, su ukun a tare. Krenko ya haifo ɗaya, sannan biyu, sannan huɗu, sannan takwas, rai 15 ya tafi daga kan kowa ban ɗaga takobi ba. Ko an kafa min Ghostly Prison, mai karɓar mana biyu a kan kowane maharin, ko a jikina.

Wai kuma katunana tsofaffi ne, gefensu ya lanƙwashe. Gaskiya ne, hannu ne ya lanƙwasa su, don bugawa ake yi da su ba ɗaukar hoto ana sawa a WhatsApp ba.

Asabar mai zuwa bayan la'asar muna nan inda muka saba, shayi a wuyana. Mai ƙorafi ya ƙaro ƙasa bakwai, ya koyi ɓoye kati biyu a hannu. In zai taho kuma, don Allah ya haɗo da Sol Ring ɗina da ya ara tun kafin azumi.