Wannan Jaje Ne, Ba Rigakafi Ba

Don Allah 'yan ƙungiyar unguwarmu ta Nima a Accra, ku sauke ƙyallen nan da kuka rubuta "Rigakafin Ambaliya". Kun raba katifu da shinkafa da bokitai ga waɗanda ruwa ya shiga ɗakunansu, Allah Ya saka da alheri. Amma abin da kuka yi sunansa jaje.

Rigakafi kalma biyu ce aka haɗa, riga da kafi. Kafi shi ne shingen itatuwa da mutanen da suke kakkafawa su kewaye gari saboda mahara, shi ya sa har gobe akwai Kafin Hausa a Jigawa da Kafin Madaki a Bauchi. Ka riga abokin gaba, ka kafa shingenka tun yana garinsu. To ku me kuka riga? Ruwa ya zo, ya kwashe kayan ɗakin amarya, ya jiƙa takardun makarantar yara, ya wuce, sannan kuka iso da mai ɗaukar hoto.

Kada wanda ya zo mini da zancen ƙaddara a ƙasan rubutun nan. Annabi (SAW) cewa ya yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Masu cewa aikin NADMO ne kuma, wato hukumar kula da bala'o'i ta Ghana, tun 1996 aka kafa ta, amma ba ita ke fitowa da kwandon bola ta juye a gota da an ji yayyafi ba. Mu ne. Na ga uwa da idona tana miƙa wa yarinya kwandon, tana cewa yi maza kafin ruwan ya ɗauke.

Wallahi abin na ci mini rai. Gotar Nima cikin kogin Odaw take zuba, Odaw kuma ta bi ta Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah. Ranar 3 ga Yuni 2015 mutum sama da 150 suka rasu a can, da yawansu sun fake ne a gidan mai, ruwa da wuta suka haɗu a kansu. Ledar piya wata da muka jefa a nan, can take toshewa. Ku fito da shebur a watan Afrilu ku yashe gota, ni da kaina zan biya kuɗin ƙyallen.

Af, mai aboboya (babur mai ƙafa uku) da ke kwasar bola a layinmu ya kwana biyu bai leƙo ba, ga shi ya ƙara kuɗi. Wanda ya san wani mai amana ya yi mini magana ta ciki.